Alkunyar Ɗan Fari: Me Take Tsarewa?

Yawancinmu mun tashi a gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya faɗi ya fasa baki ma sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Da an yaye shi kuwa, sai ɗakin kaka. A 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya jera halaye goma, kunya na cikinsu. Mukan ji daɗin ambatonsa a taro, amma ba safai muke tambayar kanmu abin da kunyar take tsarewa ba.

A namu ganin, alkunya ba rashin so ba ce. Uwa tana janye hannunta ne don ta nuna cewa yaron na gida ne baki ɗaya. Ta san akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni da za su goya shi su shagwaɓa shi. Abin da ta hana shi a fili, mutum biyar za su biya shi.

To, yau fa? Ma'aikaci ya kama ciki da falo a Hotoro, daga shi sai matarsa, kaka tana can ƙauye. In matar nan ta riƙe alkunya yadda ta gada, wa zai rungumi yaron? Mu malaman makaranta muna ganin irinsu a aji: yaro ya kai shekara 15 bai taɓa zama da mahaifiyarsa ya faɗa mata damuwarsa ba, sai dai abokai da wayar salula.

A nan ne mu marubuta muke gazawa. Wasunmu su zana uwa mai alkunya a matsayin baƙauyiya marar tausayi, wasu kuma su mai da wadda ke kiran ɗanta da sunansa fitsararriya. Duka biyun gudun wahalar tunani ne, kuma (mu faɗi gaskiya) sun fi saurin rubutuwa. Kafin mu yanke wa matan nan hukunci a takarda, ya kamata kowannenmu ya tuna ɗakin da ya kwana yana yaro, da wadda ta tashi da dare ta ba shi magani, sannan ya duba ko akwai irinta a gidan da yake renon nasa ɗan farin.