Kafin a Yi Feshi, a San Ciyawar

Idan manomi ya je shagon maganin gona a farkon damina ya ce a ba shi maganin ciyawa, mai shagon kirki ba zai miƙa masa kwalba haka nan ba. Sai ya tambaye shi me ya shuka, kuma wace ciyawa ce ta fito, mai faɗin ganye ce ko mai tsini. Akwai maganin da ke ƙone duk tsiron da ya taɓa, har da masarar. Akwai kuma wanda ke bin ciyawar kaɗai, ya bar shuka a tsaye.

Shekaru da dama, irin na farkon ne kawai a hannun likitocin sankarar jini. Allurar kemo tana afka wa duk ƙwayar jikin da ke saurin hayayyafa, mai cuta da lafiyayya, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi miki. Ta ceci rayuka, har gobe ana amfani da ita. Amma sankarar jini suna ne da ke rufe da cututtuka iri-iri, bambancinsu kuwa yana can cikin ƙwayoyin halitta.

A 1960, a birnin Filadalfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML, suna da wani kuromosom ɗan guntu da ba a saba gani ba. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano dalili: kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye, suka yi musayar gutsure. A mahaɗar ne ake samun wata gurɓatacciyar ƙwayar halitta, BCR-ABL, mai tunzura ɓargo ya yi ta fitar da fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa, har saifa ta kumbura. Da aka san mai laifin, aka haɗa maganin da ke toshe shi. Shi ne imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Cutar da a da takan kashe mutum cikin 'yan shekaru, yau mutane da yawa na rayuwa da ita har tsufa, suna haɗiyar ƙwaya kullum.

Wani nau'in, APL, ya fi ba ni mamaki. In ba magani, yakan kashe da zubar jini cikin 'yan makonni. Musayar tasa tsakanin kuromosom na 15 da na 17 ce. Likitocin Shanghai a ƙasar Sin suka nuna a shekarun 1980 cewa wani sinadari ɗan gidan bitamin A yana sa ƙwayoyin cutar su nuna, su daina ɓarna. Da aka haɗa shi da arsenik, gubar da aka sani tun da can, sai mafi yawan masu cutar suka fara warkewa. Wanda ba shi da wannan musaya kuwa, maganin ba nasa ba ne.

Kada a rikita gwajin gano wannan musaya da gwajin AA, AS da SS da ake yi kafin aure. Sikila gadonta ake yi. Waɗannan canje-canjen kuwa a ɓargon mutum suke faruwa bayan an haife shi. Bai gada ba, ba kuma zai gadar wa 'ya'yansa ba. Ya kamata dangi da surukai su ji wannan.

A Najeriya, tun 2003 asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya fara raba imatinib kyauta ƙarƙashin wani shirin tallafi, ga waɗanda gwaji ya tabbatar suna da canjin BCR-ABL. Ga ɗan Sakkwato ko Maiduguri tafiya ce mai nisa, ga kuɗin mota, ga na gwaji. Wannan yana damuna, domin da yawa kan gaji a hanya.

Gwajin kuma ba sau ɗaya ba ne. A farkon jinya, duk wata uku ake ɗibar jini a auna yawan BCR-ABL da ya rage, ko da mutum ya ji garau. In adadin ya fara hawa, wataƙila ana tsallake shan magani ne, wataƙila kuma cutar ce ta sake rikiɗa. Akwai wata rikiɗa mai suna T315I da imatinib ba ya cin ta. In gwaji ya nuna ita ce, sai likita ya koma ga wani magani, irin ponatinib.