Yaron Zuga-zugi da Alƙalan Tsere

A ƙasar Faransa akwai wani dutse, Turmale, tsayinsa mita 2,115, masu tseren keke sukan hau shi. A 1913 wani mai tsere, Eugène Christophe, yana gangarowa sai ƙarfen gaban kekensa ya karye. Ya saɓi keken, ya taka wajen kilomita 10 har maƙera. Dokar tseren ta hana a taimake shi, sai ya kama guduma da kansa. Amma wanda ya taɓa zama a maƙerar Wara ko Ngaski ya sani hannu biyu ba su ƙira da zuga tare. Wani yaro ya zuga masa wuta. Alƙalai suka ci shi tarar minti 10.

'Yan'uwa, sun yi daidai? Doka suka bi. A ganina an kafa ta domin kada mai kuɗi ya ci tsere da ƙarfin barorinsa, yaron nan kuwa ba baran kowa ba ne. Abin ya tsorata ni, gama mu dattawan ekklesiya mun sha horon mutum, ba mu tambayi nisan da ya taka kafin ya iso gabanmu ba. Christophe dai ya hau kekensa, ya gama tseren yana na 7.