BASHIN DA MAGE DA ƁERA KE BIN MU

Yau ba zancen kishiya na zo da shi ba, ba kuma na lefe ko anko ba. Zancen ɓera ne, shi dai wannan da yake huda mana buhun gero yana yi mana ɓarna a cikin kwalla. Kada ki yi saurin juya shafi, ki bari in gaya miki yadda aka yi har ya hana ni barci.

Ƙanwata da take aure a wani ƙauye bayan duwatsun Roni ta haihu lafiya, aka yi suna, aka yanka rago, muka watse. Ba ta kai ga yin arba'in ba aka aiko mini nan Kazaure wai in zo. Na tarar da ita a jingine da bango, ƙafafu sun yi suntum, in kin danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsaya tana haki kamar wadda ta hau dutse da tulu. Ba ta iya kwanciya a miƙe, sai a zaune take kwana, ga tari duk dare. Wasu suka ce sanyin jego ne, wasu suka ce ruwan wankan ne bai yi zafi ba, a ƙara wuta. Gwaggo kuwa cewa ta yi baki ne. Mijinta, Allah ya saka masa, bai tsaya sauraron kowa ba, muka sa ta a mota sai Kano.

Da aka ɗauki hoton zuciyar, likita ya ce ta buɗe ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ya ce ciwo ne da yake kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ashe ƙasarmu ta Hausa tana cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, ya nuna cewa a Kano kusan haihuwa 1 cikin 100 tana zuwa da shi, kuma shi ya fi ganin hannun talauci da rama da hawan jinin masu ciki fiye da na kunu. To ke dai, ko me ya jawo shi, in kin ga mai jego da kumburi da haki, ba ƙarin itace take bukata ba.

Ina zaune a bakin gadonta na tambayi likitan ko akwai maganin da yake kashe ciwon daga tushe. Ya ce akwai wani da ake gwadawa, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ɓeraye ne suka nuna mana shi."

Na ɗauka zolaya ce. Sai da na koma gida na bi diddigi na ga gaskiya ya faɗa. Wata mai bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner, ita da abokan aikinta sun kiwata ɓeraye da aka rage wa wani abu a halittar naman zuciyarsu da gangan. Matan cikinsu suna nan ƙalau har sai sun haihu, daga nan zuciya ta saki, su riƙa mutuwa. Da aka bincika sai aka ga sinadarin nan da yake kawo ruwan nono shi ne yake tsinkewa, guntunsa ya zama guba ga ƙananan jijiyoyin da suke ciyar da zuciya. Aka ba ɓerayen wani magani mai suna bromocriptine da yake tsayar da sinadarin, suka tsira. An fitar da wannan sakamako a 2007. A 2010 aka ba da rahoton gwajinsa a kan mata 20 a Afirka ta Kudu: cikin 10 da aka ba, 1 ta rasu, cikin 10 da ba a ba su ba, 4 suka rasu. Adadin kaɗan ne, shi ya sa aka ci gaba da gwaji mai faɗi. Kuma maganin yana ƙafar da nono, wanda a ƙauye irin namu ba ƙaramin abu ba ne ga jariri. Ƙanwata ma ba a ba ta shi ba, magungunan rage ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki aka ɗora ta a kai. Amma su ma ɗin, in ji likita, sai da suka bi ta jikin dabba kafin su iso bakinta.

Nan fa gardama ta tashi a gidanmu. Gwaggo ta ce mene ne abin damuwa, ai Allah ya hore mana dabbobi, wanda ya yanka rago ranar suna ba shi da bakin tausayin ɓera. 'Yata kuwa mai karatu a sakandare ta ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, a ce a sa wa uwa ciwo da gangan, a bar ta ta haihu, a zauna da biro ana rubuta yadda take mutuwa. Ta ce, "Umma, ita ɓerar an tambaye ta?"

Na rasa wadda zan ba gaskiya, don kowacce ta taɓo wani abu. Na shiga karance-karance ko zan sami mafita, sai na ƙara nutsewa, don na ci karo da labarin maguna.

A watan Oktoba na 1930, wani matashin likita mai suna John Gibbon ya kwana a bakin gadon wata mata a Boston ta Amurka. Gudan jini ne ya toshe mata hanyar huhu, aikinsa kawai ya riƙa auna bugun jininta da numfashinta duk bayan minti 15. Da gari ya waye aka yi mata tiyata, ba ta tashi ba. A wannan daren tunani ya zo masa: da za a iya janye jinin nan da ya yi baƙi daga jikinta, a ba shi iska a waje, a mayar mata da shi, da ta rayu. Wato na'urar da za ta karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Yadda take aiki a yau ba shi da wuyar ganewa. Bututu yana kwaso jinin da ya gama zagaya jiki kafin ya shiga zuciya, ya kai shi inda za a cire masa gurɓatacciyar iska a sa masa mai kyau, sannan famfo ya tura shi cikin babbar jijiya. Ana sa maganin hana jini daskarewa. Ita kuwa zuciya sai a tsayar da ita cak, likita ya buɗe ya yi ɗinkinsa a natse.

Gibbon da matarsa Mary, wadda ita ma ma'aikaciyar ɗakin bincike ce, su biyu suka duƙufa. Na'urar farko ƙarama ce, jinin mage kawai za ta iya ɗauka. In magunan suka ƙare, sai ya fita cikin dare da buhu da ɗan kifi yana kamo na kan titi. Ki yi tunanin wannan, likita guda yana sanɗar mage a lungu kamar ɓarawon kaji. Sukan sa mata maganin barci, su buɗe ƙirji, su matse jijiyar huhu, su ga ko na'ura za ta riƙe ran. Da yawa sun mutu a kan teburin. A 1935 suka ga mage ta rayu a kan na'ura, aka saki jijiyar, zuciyarta ta ci gaba da aikinta. Daga baya kamfanin IBM ya ƙera masa babba, aka koma kan karnuka. Sai ranar 6 ga Mayu 1953, a Filadelfiya, ya ɗinke huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, Cecelia Bavolek, na'ura tana riƙe da ita na minti 26. Ta tashi, ta yi rayuwarta. Kusan shekara 23 ke nan daga wancan daren. A nan Nijeriya kuwa, a 1974 aka fara buɗe zuciya da irin wannan na'ura, a asibitin koyarwa na Inugu.

Abin da ya tsaya mini shi ne, jaririyar da ya fara gwada na'urar a kanta kafin Cecelia ta rasu, yara biyu da suka biyo bayanta su ma suka rasu, har mutumin ya ajiye tiyatar zuciya bai ƙara yi ba. Wannan fa bayan duk magunan da karnukan. To da babu su, gawar yara nawa za a jera kafin hannu ya faɗa? Kuma 'ya'yan wa? Ni dai na san ba a fara gwaji da ɗan mai kuɗi. A nan na kasa bin 'yata har ƙarshe. Na dubi ƙanwata da jaririnta a cinya, na tambayi kaina ɓera nawa zan bayar a kanta, wallahi ban iya tsayar da lissafi ba. Duk wadda ta ce za ta iya, ba ta taɓa kwana a bakin gadon asibiti ba.

Amma ita ma Gwaggo ban bi ta ba. Ragon suna da ta kawo misali da shi, ai shi ne hujja a kanta. Mahauci na ƙwarai yakan wasa wuƙa tun kafin a kawo dabba, a ba ta ruwa, ba a wasa wuƙar a gabanta, ba a yanka ta 'yar uwarta tana kallo. Me ya sa ake wannan wahala in ran ba komai ba ne? An halatta mana, amma da sharaɗi, kamar wadda aka ara wa zane, ba a ce ta share ƙasa da shi ba. Kuma rago wahalarsa ta minti ɗaya ce, ɓerar can kuwa da ciwon ta yi goyo. Mu da muka taso muna jin labarin matar da aka yi wa azaba saboda mage da ta kulle da yunwa, bai kamata a ji muna cewa "ai dabba ce kawai" ba. Su kansu masu binciken sun san akwai nauyi. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa: in akwai wata hanya a bar dabba, in babu a rage yawansu, waɗanda aka ɗauka kuma a rage musu zafi iyakar iyawa. Wanda ya yanka mage ɗari alhali goma sun isa, ko ya yi don neman suna da ƙarin girma a wurin aiki, ni ban ga abin da ya raba shi da yaran unguwa masu jifan kare ba, sai farar riga.

Wani abu ma ya ba ni dariya da takaici lokaci guda. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, inda aka fara tiyatar jarirai masu ciwon zuciya da jikinsu yake yin shuɗi a 1944, akwai hoton wata macen kare mai suna Anna da aka zana aka rataye, don a jikinta aikin ya fara yin kyau. Mutumin da ya yi gwajin da hannunsa a kan karnuka wajen 200, Vivien Thomas, baƙar fata ne, shi sai a 1971 aka rataye nasa, kusan shekara 20 bayan na Anna. Ɗan Adam ke nan, ko wajen godiya sai ya yi son kai.

Ni a ganina bashi ne. Mun ci, kuma masu bin mu ba su da bakin zuwa ƙofar gida su yi sallama. Ba za mu iya biyan magunan Boston ba, sun tafi. Amma danginsu suna tsakar gidanmu. Ranar kasuwa ki tsaya a bakin hanyar Ɓaɓura ki ga yadda ake ɗaure kaji ƙafa sama kai ƙasa a jikin babur, cikin rana, baki a buɗe. Ki dubi jakin da yake kawo mana itace daga wajen Gwiwa, gyambo a gadon baya, an ɗora kaya a kan gyambon. Akuyar da kika ɗaure tun safe kika tafi biki, wa kika bar wa sallahun ruwanta? Ni ma mai laifi ce, na sha watsa wa mage ruwan zafi don ta lashe mini miya. Muna zagin Bature da teburinsa, alhali shi ko ba komai yana sa maganin barci.

Bayan wata uku ƙanwata ta dawo gidan Gwaggo don ta ƙara hutawa, kumburi ya saɓe, tana iya share ɗaki ba haki. Likita ya gargaɗe ta kada ta sake ɗaukar ciki sai an ƙara duba zuciyar, wannan kuma wani yaƙin ne da dangin miji, zan ba ku labarinsa wata rana. Lokacin an kawo amfanin gona, ɓeraye suka addabi ɗakin ajiya. Gwaggo ta sayo gam ɗin nan da ake shimfiɗawa a kwali. Cikin dare ɗaya ya manne, ya kama tsuwa, tun bayan isha har tsakar dare bai fasa ba. Ƙanwata ta tashi da fitila, ta ce ita ba za ta iya jin wannan ba, ko a kashe shi yanzu ko a sake shi. Gwaggo ta fito tana mita, wai tun da aka kai yarinyar nan Kano ta dawo da sabon salo. Ta sa taɓarya ta gama da shi bugu ɗaya, ta naɗe kwalin ta cusa a murhu.

Washegari ta aiki yaro gidan maƙwabta ya karɓo mata ɗan mage. Da na je ranar Juma'a na tarar da shi a gindin turmi, kansa cikin ƙoƙo, yana lasar nonon da ta rage daga na furarta.