Haƙuri ko Wuƙar Likita?

Idan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya zaizaye, gaɓa ba ta komawa yadda take. Mai ɗori gwani ne a kan karaya, amma wannan ba karaya ba ce. A shekarar 1962 wani likita a Ingila, John Charnley, ya kyautata dabarar cire kan ƙashin cinya a sa na ƙarfe, a yi masa mazauni na roba. Yau ana yin irin wannan fiɗa har a asibitin ƙashi na Dala, a Kano.

To, wanne ya fi dacewa da mai hankali, ya jure ko ya miƙa ƙafarsa?

Waɗansu sukan ce jurewa ita ce tawakkali. Alhali kuwa sau da yawa tsoro ne ya ari rigar haƙuri. Dattijon da ciwo ya hana shi barci, ya raba shi da gona da masallaci, ya mai da matarsa sandar dogarawarsa, ba shi kaɗai yake biyan kuɗin haƙurin nan ba.

Amma fa garaje ma ba jarunta ba ne. Wurin fiɗa yakan yi ruwa, jini yakan daskare a jijiya, sabuwar gaɓa takan goce. Har ila yau ƙarfe ba ya dawwama, yawanci yakan kai shekara 15 ko 20. Saurayin da amosanin jini ya kashe masa kan ƙashi yana ɗan shekara 25, watau ya san wata fiɗar na jiransa gaba, ta biyu kuwa ta fi ta fari wuya. Shi ya sa likitan kirki ke fara gwada rage ƙiba, da motsa gaɓa, da magani, da sanda.

Akwai kuma abin da kunya kan hana a tambaya. Bayan aiki tsuguno yakan gagara, zaman tabarma haka, wani ma sai a kan kujera zai yi salla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya shekara 60 yana kai goshinsa ƙasa. 'Ya'ya na iya tara kuɗi, likita na iya faɗin abin da ya gani a hoton ƙashi, amma ba su ne za su kwana da ƙafar ba. Kuskure ne babba su gama shawara a zaure, sa'an nan a shiga ɗaki a gaya wa tsoho ranar da za a kwantar da shi.