Duwatsu Biyu na Garin Direros

A tsibirin Karita na ƙasar Girka, wato tsibirin nan da Manzo Bulus ya bar Titus domin ya naɗa dattawa a kowane gari, akwai kufan wani ƙaramin gari a kan tudu, ana ce da shi Direros. Garin bai yi suna kamar Atina ba, amma ya bar rubutu a kan duwatsu wanda ya isa mai hankali ya zauna ya yi tunani a kansa.

A shekara ta 1936 waɗansu Faransawa biyu masu binciken kayan tarihi, Pierre Demargne da Henri van Effenterre, suka tono waɗansu duwatsu cikin wani babban ramin tara ruwa kusa da haikalin gunkin garin, Afollo. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da doka wadda aka sassaƙa wajen shekara 650 zuwa 600 kafin haihuwar Almasihu. Masana suna lissafta ta cikin dokokin Helenawa mafi daɗewa da suka wanzu a rubuce. Layi ɗaya yakan tashi daga dama zuwa hagu, na biye ya komo daga hagu zuwa dama, kamar yadda shanun noma suke juyawa a bakin kunya.

Babban muƙamin garin shi ne kosmos, mai riƙe da shi kuma yakan yi shari'a. Dokar ta hana wanda ya taɓa zama kosmos ya sake hawa sai bayan shekara 10. In ya yi taurin kai ya koma, zai biya ninki biyu na duk tarar da ya yanke wa mutane, za a ɗauke shi mara amfani muddin ransa, duk abin da ya zartar kuma ya zama banza. Dutsen bai ambaci sunan wani sarki ba, ya nuna gari ne ya yarda da haka.

Mai karatu zai iya cewa, to, in mutumin kirki ne fa? In ya yi adalci, ya riƙe amana, don me za a hana gari morarsa har shekara goma? Wannan tambaya tana da nauyi, gama masu hikima ba su da yawa a ƙaramin gari, hasara ce kuwa a ajiye gwani a ɗauki ɗan koyo.

Amma mutanen Direros sun hango abin da ya fi wannan hasara girma. Mai shari'a da ya san zai sauka, gobe shi ma ya tsaya gaban wani, yakan auna maganarsa kafin ya yanke hukunci. Wanda ya tabbata kujera tasa ce har abada, sannu a hankali yakan daina jin kukan talaka, masu faɗa masa gaskiya su ragu, 'yan fadanci su ƙaru. Giyar mulki ba ta bugar da mutum rana ɗaya. Ban da haka, garin da ya rataya a wuyan mutum guda yakan zama maraya ranar da mutumin ya faɗi. Juyin muƙami yana koya wa mutane da yawa ɗaukar kaya. Dokar ba ta zargi kowa da mugunta ba, ta dai san halin ɗan Adam, ta kuma tsare mutumin kirki daga jarabar da za ta iya lalata shi.

Me ya sa aka sa ta a dutse? Domin abin da ke baki, mai ƙarfi yana iya juya shi yadda ya ga dama, ya ce ba haka kakanni suka faɗa ba. Abin da ke jikin bangon haikali kuwa yana nan a idon kowa, dare da rana.

Sai dai Direros ta bar wani dutse kuma. Wajen shekara 220 kafin haihuwar Almasihu aka tara samari 180 na garin, aka rantsar da su da sunayen alloli. Suka yi alkawarin riƙon amanar Direros da abokiyarta Kinosos. Suka kuma rantse ba za su taɓa nufin mutanen Littos, garin da ke maƙwabtaka da su, da alheri ba, za su cuce su iyakar ƙarfinsu. A wannan zamanin ne mayaƙan Kinosos suka faɗa wa Littos sa'ad da mazanta suka tafi yaƙi, suka ƙone ta, suka kwashe mata da yara. Abin mamaki, dutsen nan da ya koya wa samari gaba shi ne ya umarci kowannensu ya dasa itacen zaitun, in bai dasa ba ya biya tara.

Ashe rubuta abu a dutse ba ya mai da shi gaskiya. Gari ɗaya ne ya sassaƙa duwatsun nan biyu. Na fari ya ɗaure hannun mai ƙarfi domin marar ƙarfi ya sami sararin numfashi. Na biyu ya ɗaure zuciyar yaro tun bai san wanda ake so ya ƙi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, manyan Direros sun san wannan sarai, suka tanƙwara 'ya'yansu wajen ƙiyayya.

Saboda haka, kafin jama'a su kafa wata ka'ida da za ta wuce zamaninsu, ko a gari, ko a ƙungiya, ko a cikin gida, ya kamata su tambayi kansu, wa za ta ɗaure? In mai iko za ta ɗaure, har da su masu kafa ta, akwai alamar adalci a cikinta. In kuwa 'ya'yan da ba a haifa ba za ta ɗaure da fushin iyayensu, gara a bar ta ta mutu tare da masu fushin. Yau babu kosmos a Direros, babu mayaƙan Littos, amma duwatsun suna nan suna ba da shaida a kan waɗanda suka sassaƙa su.