Darajar Aikin da Ba a Tafa Wa

Shin darajar aiki tana ga yawan idon da ya gan shi, ko ga amfanin da ya yi? Ƙwallon kwando na Amurka ya ba da amsa. A kakar 1986 zuwa 1987, Michael Jordan yana cin maki 37 a kowane wasa bisa matsakaici, amma Boston Celtics ta fitar da ƙungiyarsa, Chicago Bulls, tun zagayen farko. Kofi bai zo ba sai 1991, lokacin da aka kewaye Jordan da 'yan wasan da suka yarda su tsare baya, su miƙa ƙwallo, su haƙura da suna. A wasan ƙarshe na 1993, abokin wasansa Horace Grant ne ya miƙa wa John Paxson, shi kuma ya jefa ƙwallon da ta kayar da Phoenix Suns da ci 99 da 98. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce ba don Jordan ba, da babu wanda zai tuna Paxson. Gaskiya ne, amma wannan magana ce ta baiwa, kuma baiwa rabo ce daga Allah, ba a raba ta daidai ba. Abin da ke hannun mutum shi ne riƙon amana: ya tsaya inda aka ajiye shi kullum, ko an tafa ko ba a tafa ba. Wannan shi malamai ke kira ikhlasi, kuma ya fi wuya ga wanda ba a yabo. Saboda haka, mai karatu, in aikinka ba ya jawo tafi, kada ka raina shi. Ka kyautata shi.