Famfon Gidana Ne, Ina Ruwan Hukuma?

Tambayar da na kawo miki a wannan fitowa kamar ta masu gyaran famfo ce, amma ki yi haƙuri ki bi ni. Shin abin da mutum ya yi da famfon cikin gidansa, da kuɗinsa, a bayan katangarsa, akwai mai hurumin tuhumarsa a kai?

A Ingila da Wales an kafa doka a shekarar 1999 kan kayan haɗa ruwa a cikin gidaje. Manufarta hana gurɓata ruwan sha, hana ɓarnarsa, da hana maguɗi a awonsa. Akwai ayyukan da ba a yin su sai an sanar da kamfanin ruwa tukuna. Daga ciki har da sanya injin da ke jan ruwa fiye da lita 12 a minti ɗaya daga bututun gari, da kuma tiyon tsarki na bayan gida. E, shi dai wannan tiyon da gidajen Musulmi suka fi kowa buƙata. Dokar ta kasa ruwa gida biyar gwargwadon haɗarinsa, kuma ruwan masai yana a mataki na biyar, mafi muni.

Na san abin da zai fara zuwa ran Musulma in ta ji haka: to ga shi nan, har tsarkinmu sun sa wa ido. Ba na ganin laifinta, an sha sa mana ido ɗin. Amma a nan ba haka ba ne. Mu muna ɗauka ruwa hanya ɗaya yake bi, daga bututu zuwa bokiti. Alhali in ƙarfin ruwa ya faɗi a babban bututu, ko don ya fashe ko don an ɗauke ruwa, sai ya koma zuƙa, kamar yaro da tsinken shan lemo. In a lokacin kan tiyon yana kwance cikin masai, abin da ke ciki zai bi ya koma, ya wuce famfon kicin ɗinki, ya shiga na maƙwabta. Shi ya sa ba a hana tiyon ba, sharaɗi aka sa: a ba shi ruwa ta ɗan tanki na daban, da tazarar iska tsakanin bakin bututu da saman ruwan, yadda babu hanyar komawa. A Chicago ta Amurka, a 1933, haɗuwar bututun ƙazanta da na ruwan sha a wasu otal biyu ta jawo atini da ya kashe mutum 98.

Kin ga ke nan katangar gida ba ta tsayar da bututu. Daga nan maganar ta fita daga hannun mai gyaran famfo ta koma hannun malamai. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma lissafa yin bayan gida a mashayar jama'a cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa. Mai yin hakan bai yi niyyar kashe kowa ba, uzuri ne ya kama shi. Duk da haka aka hana, domin mai zuwa sha daga baya ba ya nan balle ya kare kansa.

Akwai wani wurin da muke ruɗewa. A karatunmu na Malikiyya, ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba. Gaskiya ne, alwalarki ta yi, sallarki ta yi. Amma wannan hukuncin ibada ne, ba takardar likita ba ce. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launi. Ruwa zai iya zama garai-garai a kofi, ya halatta ga alwala, ya kuma kwantar da goyonki kafin asuba.

Kada ki ce wannan matsalar Turawa ce. Su ruwansu bai cika yankewa ba ma. Mu da famfo ke zuwa yau ya ɗauke kwana uku, bututunmu kullum cikin zuƙa yake. Ki leƙa unguwa ki ga siraran bututun roba kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya tsage da tsumma ko robar tayar keke. Ga maigida ya haɗa inji kai tsaye da bututun gari don tankinsa ya riga na kowa cika. Wannan injin ba ruwan maƙwabta kaɗai yake ƙwacewa ba, yana ƙara jawo ruwan kwata ta kowace tsaga. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Ban ce bututu ne kaɗai sanadi ba, amma yana cikin ƙofofin.

Za ki ce, to hukumar da ba ta ba mu ruwa ce za ta kafa mana sharaɗi? Wallahi hujja ce mai ƙarfi, kuma ba zan wanke hukuma ba. Nata haƙƙin yana wuyanta. Sai dai in kika rama, ba a kan hukuma ramuwar ke sauka ba. A kan matar da ke ƙarshen layi take sauka, wadda ba ta da inji, ba ta da kuɗin 'yan garuwa.

Kuma ba maganar maza ba ce zalla. Maigida ya biya mai gyara ya fita kasuwa, ke ce a gida ranar da ake aikin. Ke ce ke barin tiyo nutse cikin bahon wanki ko kwatarniyar dabbobi. Ki ɗaga shi sama da bakin ruwan. Ki rataye tiyon bayan gida inda ba zai kai masai ba. In za a sa inji, ki roƙi maigida cikin ladabi a fara tara ruwan a tankin ƙasa, injin ya ja daga can. Zai ce kuɗin ya ƙaru, kuma ya ƙaru ɗin. Ki tambaye shi nawa ne ledar ƙarin ruwa a asibiti, kuma ɗan wa za a ɗaura wa.